Ali Farka Ture: Makaɗin da ya jawo situdiyo zuwa bakin kogi

Kafin zuwan na'urar ɗaukar murya, waƙa ba ta da rumbu in ban da ƙwaƙwalwar mutane. Idan makaɗi ya rasu, yaransa su ɗauki abin da suka iya ɗauka, saura kuwa ya bi shi kabari. Ƙarni na 20 ya sauya wannan al'amari a ƙasashen Sahel, amma ba kowa ya amfana daidai wa daida ba. Akwai manyan makaɗan da aka ɗauki muryarsu sau ɗaya ko biyu a gaggauce, aka jefa zaren a kabad, ƙura da zafi suka gama da shi. Akwai kuma ƴan ƙalilan da aka adana aikinsu tun daga ƙuruciya har zuwa jinyar ajali. Ali Farka Ture na ƙasar Mali yana cikin waɗannan ƴan ƙalilan. Baiwarsa ba abin musu ba ce, sai dai masu baiwa da yawa sun shuɗe ba a san su ba. Abu biyu suka raba shi da su: ya san na'ura da hannunsa, domin ya yi aikinta wajen shekara 10, sannan ya yi dace da abokan da ya amince ya damƙa musu amanar sautinsa.

Ɗan bakin kogi

An haifi Ali Ibrahim Ture a shekarar 1939 a ƙauyen Kanau, kusa da Gurma Rarus, cikin yankin Tumbutu, a gaɓar kogin Isa, wato kogin nan da ke gangarowa ya ratsa Yamai. Shi ne ɗa na 10 a wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ya rayu ya wuce jarinta. Domin haka aka laƙaba masa "Farka", wato jaki a harshen Sonrai, saboda juriya da taurin kai. Duk wanda ya ji Zabarmanci ba zai rasa gane kalmar ba. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, iyalin suka koma Nyafunke, garin da ya zama nasa har ƙarshen rayuwarsa.

Gidansu ba gidan kiɗa ba ne. A al'adar yankin, kamar yadda yake a ƙasar Hausa, kiɗa da roƙo sana'ar gado ce, kuma ɗan gidan da bai gaje ta ba idan ya kama ta sai a dube shi a karkace. Amma yaron ya taso cikin garin da ake kaɗa wa iskokin kogi goge da ƙwarya, irin yadda ake yi a wasan bori, kuma wannan kiɗa ne ya fara shiga kunnensa. Ya soma da jarkel, wani ɗan gurmi mai tsirkiya ɗaya, daga baya ya ƙara da njarka, ƙaramin goge mai kama da kukuma. A 1956 ya ga Keita Fodeba na ƙasar Gine yana kaɗa gita, sai ya ƙudura cewa abin da yake yi da tsirkiya ɗaya zai mayar da shi kan tsirkiya shida. Asalin salonsa ke nan: yatsun mai gurmi a kan kayan kiɗan Turawa.

A wannan tsakanin ya taɓa sana'o'i iri-iri, har da tuƙin mota da gyaranta, da tuƙin jirgin ruwa a kogi. Mutum ne da ya saba da inji tun da wuri, ba ya jin tsoron kwance shi ya ga abin da ke ciki. Bayan Mali ta sami ƴancin kai a 1960, gwamnatin Modibo Keita ta kafa ƙungiyoyin kiɗa da wasanni a kowane yanki, ana haɗa su gasa. Ali ya shiga ta Nyafunke, ya zama ɗaya daga cikin jagororinta. A 1968 aka tafi da shi birnin Sofiya na ƙasar Bulgeriya wajen wani bikin ƙasashen duniya, can ne kuma ya sayi gitarsa ta farko, bayan shekaru yana kaɗa ta aro. A wajajen lokacin ne ya fara jin fayafayan baƙaƙen Amurka, musamman John Lee Hooker. Har ya mutu ra'ayinsa bai sauya ba: a ganinsa kiɗan bulus reshe ne, saiwarsa kuwa tana nan gaɓar kogin Isa.

Makarantar Rediyo Mali

A 1970 Ali ya koma Bamako, ya kama aiki a Rediyo Mali a matsayin mai kula da na'urorin sauti, yana kuma kiɗa a ƙungiyar gidan rediyon har aka rushe ta a 1973. Masu ba da tarihinsa sukan wuce waɗannan shekaru da sauri, alhali su ne makarantarsa ta gaskiya.

Ya kamata a tuna yadda ake ɗaukar waƙa a gidajen rediyon Afirka na wancan zamani. Mikoro kaɗan ne, zaren kuma mai tsada ne, ana ɗauka kai tsaye a kan babban faifan zare mai juyawa. Makaɗa duka suna cikin ɗaki ɗaya, suna kiɗa lokaci ɗaya. Ba a iya cire kuskuren mutum guda a bar na sauran. Wanda ya kauce, kowa ya koma farko. Idan ƙwarya ta danne murya, maganin shi ne a matsar da mai ƙwarya baya, ko a jawo mawaƙi kusa da mikoro. Ma'aikacin da ya shekara yana wannan aiki yakan koyi abin da ba a karantawa a littafi: ya san nisan da ya dace tsakanin bakin mutum da na'ura, ya san yadda bangon ɗaki ke mayar da amo, ya kuma san cewa sau da yawa ɗaukar farko ta fi ta biyar rai, domin a ta biyar makaɗi ya fara gajiya yana ƙirga kurakuransa.

Bugu da ƙari, Rediyo Mali mahaɗa ce. Makaɗan Bambara da Malinke na kudu, da Fulanin Masina, da Buzayen arewa, duk ta nan suke bi. Ali yana zaune a bayan na'ura yana saurare. Ba abin mamaki ba ne da ya zama mai waƙa da harsuna da dama, Sonrai da Fillanci da Tamashek da Bambara, kuma wanda ya haddace kaɗe-kaɗen kudu ko da yake shi ɗan arewa ne. Wannan ajiya za ta yi masa rana bayan shekara 30.

A nan ne ya fara ɗaukar nasa waƙoƙin, gita da murya, wani lokaci da molon da ake kira ngoni. Ya riƙa aika zaren zuwa kamfanin Sonafric a birnin Paris, faifansa na farko ya fito a 1976, wasu suka biyo baya. Tsarin zamanin ke nan: makaɗi ya aika zare ƙetare, a buga faifai a inda bai taɓa zuwa ba, a sayar wa mutanen da bai sani ba, shi kuwa ba shi da hanyar bin sawun abin da aka yi da aikinsa. A 1980 Ali ya ajiye aikin rediyo, ya koma Nyafunke ya kama noma.

Jan faifai da sanarwar cigiya

Ɗaya daga cikin fayafayan da aka buga a Paris, na shekarar 1984, ba shi da wani suna in ban da na mai shi. Saboda launin bangonsa aka riƙa kiransa jan faifai, kamar yadda aka kira wanda ya biyo bayansa kore. A tsakiyar shekarun 1980 wani ma'aikacin BBC mai suna Andy Kershaw ya tsinci jan faifan a wani shago a Paris, cikin tarin waɗanda aka karya wa farashi, ya kai shi Ingila ya sa a shirinsa. Masu saurare suka yi ta tambayar ko wane ne wannan.

Cikin waɗanda suka ji har da Anne Hunt, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wani ƙaramin kamfani a Landan mai suna World Circuit. Ta tashi takanas zuwa Bamako neman mutumin da ba ta da adireshinsa. Aka yi abin da ake yi idan yaro ko raƙumi ya ɓata: aka ba da cigiya a Rediyo Mali. Aka yi sa'a Ali yana cikin birnin a lokacin, ya ji ana nemansa a gidan da ya yi wa aiki, ya zo. A 1987 ya sauka Ingila, ya yi wasanni, ya kuma ɗauki faifansa na farko da World Circuit. Wanda ya kula da aikin wani saurayi ne mai suna Nick Gold, wanda daga baya ya zama shugaban kamfanin. Daga ranar har mutuwar Ali, kusan shekara 19, ba su rabu ba.

Faifan The River ya fito a 1990, The Source kuma a 1992, inda Taj Mahal, makaɗin bulus na Amurka, ya sa hannu. A Landan ne kuma Ali ya haɗu da Ry Cooder, shahararren mai gita na Amurka wanda ya daɗe yana sauraron fayafayansa. Ali ya ba shi kyautar jarkel ɗinsa. Wanda ya san matsayin kayan kiɗa a wurin mai shi ya san wannan ba ƙaramar kyauta ba ce. A 1993 suka shiga situdiyo a Los Angeles, tare da Hamma Sankare mai ƙwarya da Umar Ture mai ganguna, waɗanda Ali ya taho da su daga gida, da wasu ƴan Amurka irin su Clarence "Gatemouth" Brown da Jim Keltner. Cikin ƴan kwanaki suka gama. Faifan, Talking Timbuktu, ya fito a 1994, ya ci lambar Grammy a 1995.

Abin lura a wannan faifai shi ne wanda ke jan ragama. An saba ganin makaɗin Afirka ya je Turai ko Amurka a lulluɓe kiɗansa da na'urori har ya zama baƙo a cikin nasa faifan. A nan kuwa ƙwaryar Hamma Sankare ce ke riƙe da lokaci, gitar Ali ke gaba, ta Cooder tana zagaye da ita tana amsawa. Mutumin da ya shekara 10 a bayan na'ura ba a yi masa rufa-rufa a situdiyo. Ya san abin da yake son ji idan an mayar masa da zaren.

Situdiyo ya zo Nyafunke

Wani da ya ci irin wannan lambar zai tare a Paris ko Landan. Ali ya koma gonarsa. Kuɗin da ya samu ya zuba su a noman shinkafa da injunan ban ruwa, ya rage tafiye-tafiye ƙwarai, yana mai ganin cewa nisa da ƙasarsa na rage wa kiɗansa ƙarfi, kuma shi a wurinsa noma ne sana'a. A shekarun nan ya haɗa hannu da wani Bafaranshe, Philippe Berthier, a kamfanin Mali K7 mai buga kaset a Bamako, domin makaɗan ƙasar su sami inda za a buga aikinsu a gida, a kasuwar da kaset ɗin sata ya cika.

Da Nick Gold ya ga Ali ba zai zo Landan ba, sai ya ɗauki situdiyon ya kai masa. Shi da injiniyansa Jerry Boys suka yi lodin na'urori da wayoyi da injin ba da wuta, suka nufi Nyafunke, ɗaruruwan kilomita arewa da Bamako. Suka kafa kayansu cikin wani tsohon gini da aka yi watsi da shi a bayan gari. Aikin gona ne ke tsara lokaci: sai Ali ya gama da shinkafarsa sannan a kunna na'ura, galibi da yamma. Faifan da aka samu, mai suna Niafunké, ya fito a 1999. A zaman nan kuma aka ɗauki Alkibar, faifan farko na Afel Bokum, ɗan garin da ya shiga ƙungiyar Ali tun yana yaro. Ubangida ya buɗe ƙofa, yaronsa ya bi ta ciki.

Wannan tafiya ta juya tsarin 1976 a kansa. A da zare ke tafiya Turai ya bar mai shi a gida. Yanzu Turawan ne suka zo da kunnuwansu, aka ɗauki kiɗan a cikin iskar da ta haife shi, tare da mutanen da suka saba yin amshinsa.

Aikin da ba a gani

Tsakanin ɗaukar waƙa da isarta kunnen mai saye akwai matakai biyu da yawancin masu saurare ba su san da su ba. Na farko shi ne haɗa sauti, abin da ma'aikatan situdiyo ke kira miksaji: a daidaita ƙarfin kowane kayan kiɗa, a ba murya wurinta, a raba sauti tsakanin kunnen dama da na hagu. Na biyu shi ne gyaran ƙarshe, wato mastarin. A nan ake jera waƙoƙi bi da bi, a auna shirun da zai raba su, a daidaita ƙarfinsu domin kada wata ta fi wata ƙara, a rage kauri ko kaifin da ya wuce kima, sannan a fitar da uwar faifai, wadda daga gare ta za a buga dubbai. Kowane mazubi da nasa sharaɗi. Baƙin faifan garmaho ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 20 da ɗoriya a kowace fuska ba tare da sauti ya raunana ba, kuma idan amon ƙasa ya yi yawa allura takan yi tsalle. Kaset yana da shuwar da ba ta rabuwa da shi. Faifan CD yana ɗaukar har kusan minti 80, amma ba ya ɓoye aibi.

Mai wannan aiki kamar majemi ne: fatar ba tasa ba ce, amma a hannunsa take gyaruwa ko ta lalace. Idan ya matse sauti domin ya yi ƙara a rediyo, sai ya kashe bambancin da ke tsakanin taɓa tsirkiya a hankali da fizgarta, alhali a irin kiɗan Ali nan ne daɗin yake. Idan ya wuce gona da iri wajen share shuwar tsohon zare, sai ya share har da numfashin mawaƙi.

Ta wannan hanya aka ceto aikin Ali na farko. A 1996 World Circuit ta tattara waƙoƙin da ya ɗauka a shekarun 1970, aka gyara sautinsu, aka fitar da su da sunan Radio Mali. A 2004 aka yi wa jan faifai da kore irin wannan hidima, aka haɗa su wuri ɗaya. Ba domin haka ba, da kiɗan ƙuruciyarsa ya tsaya a hannun ƴan tsirarun masu tara tsofaffin fayafayai.

Otel Mande

A 2004 mutanen Nyafunke suka zaɓi Ali magajin gari, ya kuma riƙa kashe kuɗin aljihunsa wajen gyaran hanyoyi da magudanun ruwa da samar da wutar lantarki. A shekarar nan Gold da Boys suka dawo Mali, suka kafa na'urorinsu a wani ɗaki na saman Otel Mande a Bamako, mai kallon kogi. Nan aka gayyato Tumani Diabate, gwanin kora mai tsirkiya 21, ɗan Sidiki Diabate, wanda ya gaji kiɗa kaka da kakanni. Ali ya girme shi da shekara 26. Ɗaya ɗan arewa ne da ya shiga kiɗa ba da gado ba, ɗayan ɗan kudu ne da aka haifa a cikinsa.

Ba su yi gwaji ba. Suka zauna sau uku, kowane zama wajen awa biyu, suna tono kaɗe-kaɗen Mande na shekarun 1950 da 1960, irin waɗanda Ali ya sha ji tun zamanin Keita Fodeba da kuma a Rediyo Mali. Aikin injiniya a irin wannan zama shi ne ya shirya komai tun kafin a fara, domin abin da ya wuce ba zai dawo ba. Faifan, In the Heart of the Moon, ya fito a 2005. A cikinsa akwai kiɗan da aka sa wa suna Monsieur le Maire de Niafunké, gaisuwar ƙane ga wansa da ya sami sarauta. A watan Fabrairu na 2006 faifan ya ci Grammy, ta biyu ke nan ga Ali.

Lokacin nan ciwon daji na ƙashi ya riga ya kama shi. A watan Yuni na 2005, yana cikin ciwo, suka sake zama da Tumani a situdiyon Livingston da ke Landan, tare da Orlando "Cachaíto" López na ƙasar Kyuba, mai kaɗa babban goge na ƙungiyar Buena Vista Social Club, wadda ita ma Gold da Cooder da Boys ne suka ɗauki faifanta a Havana a 1996. Abokan Ali sun zama abokan juna. A gefe guda kuma ana ƙarasa Savane, faifan da ya tara masu ngoni irin su Baseku Kuyate a kansa. Ali ya saurari gyaran ƙarshe na Savane, ya amince da shi, makonni kaɗan kafin rasuwarsa a Bamako a watan Maris na 2006. Aka kai shi Nyafunke aka binne. Savane ya fito a watan Yuli na shekarar. Zaman Landan kuwa sai a 2010 aka fitar da shi da sunan Ali and Toumani, ya kawo masa Grammy ta uku a 2011, shekara 5 bayan mutuwarsa.

Wa ke riƙe da uwar faifai?

Rumbun bai ƙare ba. A 2023 Nick Gold da Vieux Farka Ture, ɗan marigayin wanda shi ma makaɗi ne, suka fitar da Voyageur, tarin waƙoƙin da aka ɗauka tsakanin 1991 da 2004 ba a taɓa fitarwa ba, har da waɗanda Umu Sangare ta sa murya a ciki. Cachaíto ya rasu a 2009, Tumani Diabate kuma a watan Yuli na 2024. Mutum uku da suka zauna a situdiyon Livingston duk sun tafi, amma ana jin yatsunsu kamar jiya aka ɗauka.

Sai dai labarin yana da gefen da ya kamata a duba da idon basira. Abin da ya adana aikin Ali amana ce tsakanin mutane ƴan kaɗan, kuma mutane suna tsufa, kamfanoni suna sauya hannu: a 2018 babban kamfanin BMG na Jamus ya sayi World Circuit. Mafi yawan abin da duniya ta sani na kiɗan Nyafunke a Turai aka gyara shi, daga can kuma ake rarraba shi. Makaɗan da suka bi ta gaban mikoron Ali a Rediyo Mali, da takwarorinsu da gidajen rediyon sauran ƙasashen Sahel suka ɗauka a shekarun nan, mafi yawansu ba su sami mai zuwa cigiyarsu daga Landan ba. Zaren maganaɗiso kuwa ba ya jira: zafi yana narkar da abin da ya riƙe shi, laima tana sa masa fumfuna, na'urorin da ke karanta shi an daina ƙera su, waɗanda suka iya gyaransu suna ƙarewa. Masu goge da molo da gurmi da kalangu da ke kwance a kan irin wannan zare suna buƙatar abin da Ali ya samu, wato ma'aikacin da ya san aikin sauti, da wuri mai sanyi, da wanda zai zauna ya saurara ya mayar da su kan na'urar zamani tun zaren yana juyawa.